'Yan Ciki Ɗaya Ba Sa Shiga Jirgi Ɗaya

Tsohon da ke tura lilon jirage a Yelwa bai taɓa yarda ya zaunar da ni da Yayata a jirgi ɗaya ba. Shekara uku muna zuwa wurin kusan kullum. Mun yi roƙo, mun yi kuka, mun yi ƙarya. Yaya har gorar zoɓon Inna ta taɓa sace masa, ya karɓa ya shanye ya yi godiya, sannan ya nuna mata jirgin gaba, ni ya nuna mini na baya. Ni kuwa a lokacin duk burina a duniya bai wuce in zauna kusa da ita ba, gwiwata na taɓa tata, lilon ya juya da mu ko sau ɗaya ne. Ina da shekara bakwai da muka fara zuwa, ita tana da tara.

In na ba da labarin wurin yanzu sai a riƙa kallona kamar na sha wani abu. Mijina mutumin Koko ne, yakan ce a Yelwar wa aka taɓa yin kasuwa a cikin ɗaki, har da lilo? Na tambayi 'yan kabu-kabu, na tambayi mata a gidan biki, babu wanda ya sani. Sau ɗaya wata ta ce kamar ta taɓa ji, da na matsa sai ga shi gidan sinima take nufi. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, don wadda za ta ce "ƙwarai kuwa, an yi" ita ce ba ta nan.

Asalin wurin siton gyaɗa ne, dogo, mai rufin kwano, a kan hanyar da ke gangarawa kwata, wato tashar jiragen ruwa. Wani Alhaji mai fataucin busasshen kifi ne ya saye shi. An ce a wata tafiya ya ga kasuwa ƙarƙashin rufi ɗaya, da wurin wasan yara a tsakiya, ya rantse sai ya yi irinta a garinsu. Aka shafe bangon da shuɗin fenti, aka yanka shaguna hagu da dama, aka rataya fankoki a sama. Akwai tela, akwai mai kaset da ba ya rage murya, akwai mai atamfa, da mai gyaran agogo wanda ban taɓa ganin kowa a shagonsa ba, da mai hoto da ya zana jirgin sama a labule. Kusa da ƙofa an kafa wani lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙyalli da ke mayar da mutum gajere mai ƙaton ciki. Ranar kasuwa matan Kambari kan sauke kayansu daga kafaɗa su tsaya gabansa suna dariya har da riƙe juna. Wurin yana ƙanshin gugguru da man inji, amma in aka yi ruwa sai warin tsohuwar gyaɗa ya taso daga ƙasa. Mu dai gidan lilo muke ce masa.

Inna tana sayar da zoɓo da kunun aya a bakin ƙofa, shi ya sa daga makaranta can muke wucewa, kuma ba a tambayarmu tikiti. Baba direba ne, kwana biyu a gida, mako biyu a hanya. Haihuwa biyar Inna ta yi, mu biyu muka tsaya mata.

Lilon yana tsakiyar ɗakin. Alhaji dawakai ya so, irin waɗanda ya gani a can, sai dai babu kafintan da ya iya sassaƙa doki a garin, ga kuma matattun kwale-kwale birjik a kwata. Sai aka ɗauko uku aka raba kowanne biyu, aka toshe bakin da katako, aka rataye su da sarƙa a hannuwan ƙarfe shida da ke juyawa a kan ƙafar wata tsohuwar gingimari. Kowane jirgi da launinsa, kuma mutum biyu yake ci. Babu inji. Da gora ake tura shi, mutum ya tsaya gefe yana tokare kowane jirgi in ya zo wucewa.

Da aka nemi mai turawa sai aka samo tsohon nan. Mutumin gungu ne, wato tsibiri, ɗaya daga cikin tsibiran da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse kogin Kwara. Tun yana saurayi yake fito da mutane, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Hausarsa a karkace take, kuma ba shi da yawan magana. Kuskuren Alhaji ɗaya ne, ya ɗauko mutumin ruwa ya ba shi jirage, yana zaton zai ɗauke su abin wasa. Ina! Sai ka cire takalmi. Sai ka shiga da ƙafar dama, ka taka tsakiya, ba gefe ba. Yakan auna yara da ido ya haɗa mai nauyi da mai nauyi. In yaro ya rasa abokin zama, akwai wani ƙaramin buhun yashi da yake ajiyewa a gindin ƙarfen, sai ya ɗora shi a ɗaya gefen don kada jirgi ya karkata. Sannan ga babbar dokarsa, wadda ta hana ni sakat.

Ranar farko muka ruga muka faɗa jan jirgi tare. Ya zo ya tsaya a kanmu, ya dubi fuskata, ya dubi tata, ya ce ɗaya ta fito.

"Ɗiyan ciki guda ba su shiga jirgi guda," in ji shi.

Yaya ba ta da tsoro, ta leƙa ƙasa ta ce, "Baba, ai babu ruwa. Siminti ne."

Ya ce, "Jirgi dai jirgi na."

Muka kai ƙara wurin Inna, muna jiran ta tashi ta wanke shi tas, don Inna ba ta barin ko-ta-kwana in aka taɓa mu. Sai ta ci gaba da ɗaure bakin leda, ta ce mu yi yadda ya ce. Ita ma 'yar bakin ruwa ce, daga wani ƙauye a tsallaken Warra. Ta ce a wurinsu haka ake yi tun kaka da kakanni, ba a zuba 'ya'yan mace ɗaya a jirgi ɗaya, don in abu ya faru a bar mata wanda za ta kalla. Ta ce tsohon ya taɓa karya dokar sau ɗaya, ya ɗauko yara uku 'yan ɗaki ɗaya saboda hadari ya taso kuma uwarsu na sauri, iska ta riske su a tsakiya. Ba ta faɗi 'ya'yan waye ba. Sai da na girma na ji cewa nasa ne.

Yaro dai yaro ne, labarin bai shige mu ba ko kaɗan. Muka shiga dabara. Yaya ta ari ɗankwalin wata ƙawarta, ni na shafa toka a fuska, muka zo daga ƙofofi daban kamar ba mu san juna ba. Muka ce ita 'yar maƙwabta ce. Ya bari muka gama tsara ƙaryarmu, muka cire takalma, sai ya nuna ƙafafunmu da bakin gora. Babban yatsanmu a lanƙwashe yake waje ɗaya, irin na Inna sak. Ko murmushi bai yi ba. Na tsane shi a ranar, tsana ta gaske, har na yi addu'ar gorarsa ta karye.

Haka muka yi ta hawa a rabe. Kullum ita a gaba, ni a baya tare da wata 'yar mutane da ban sani ba. Abin da na fi riƙewa daga gidan lilo shi ne bayan Yaya, da kitson shukunta, da wani tabon ƙuna a ƙeyarta. In lilon ya ɗauki gudu, jiragen suka buɗe waje, fankoki da fitilu da atamfofi suka gauraye, sai ta juyo ta miƙo hannu tana cewa in kamo ta. Ni ma in miƙa har sarƙa na cin hammatata. Tazarar ba ta raguwa, tunda ƙarfe ɗaya ke riƙe da mu, amma duk zagaye sai mun gwada.

Sau ɗaya tak dama ta samu, kuma ni na zubar da ita da hannuna.

Washegarin Babbar Sallah ne, ina da shekara goma. Inna ta ɓoye wa Baba soyayyen nama a gwangwani, na bi shi da ɗaya-ɗaya har sai da gindin gwangwanin ya bayyana. Da safe Inna ta gano, ta kama Yaya za ta daka, don ita ce babba. Yaya ta jure bulala biyu, a ta uku ta faɗi gaskiya. Na sha nawa kashin, kuma na cancanta, amma sai na ɗauki gaba da ita. A hanya ma ban yarda mun jera ba, ga shi ankon atamfa ɗaya muka sa.

Muna shiga muka ga abin mamaki. Tsohon ba ya nan, an yi masa rasuwa ya tafi wajen Shanga. Mai hoto ne ya karɓi gorar, yana zuba yara yadda suka zo, da takalmansu da komai. Yaya ta gane kafin ni. Ta kutsa cikin taron 'yan Sallah ta faɗa jan jirgin nan, ta ɗora tafin hannunta a kan wurin da ke gefenta, duk wanda ya zo zama ta ture shi.

"Ke, taho maza," ta ce. "Tsoho ba ya nan."

Na ce, "Ba ni shiga da magulmaciya."

Wallahi haka na ce, ina tsaye jikin madubin nan ina tauna rake. Raina yana so, amma baƙin taurin kai ya riƙe ni. So nake ta fito ta lallashe ni a gaban mutane. Ita kuwa ta san in ta tashi an cinye wurin. Mai hoto ya gaji da jira ya tura. Bai san zancen buhun yashi ba, don haka jirginta ya tafi a karkace, tana maƙale da sarƙa da hannu ɗaya. Duk lokacin da ta zo wucewa ta gabana sai ta bubbuga katakon da ɗayan hannun. Hawa uku ta yi a haka, tana faɗa da yara a kan wurin da babu kowa. A na huɗu mai hoto ya ce ta sauka ta ba wasu.

Kafin la'asar fushina ya huce, na je na same ta na ce to mu je. Lokacin layi ya kai ƙofa, muna cikinsa aka tashi. Na ce gobe. Da gobe ta yi muka tarar da tsohon a tsaye da gorarsa, yana sa yara cire takalma. Yaya ba ta yi mini gori ba, dariya kawai ta yi ta ce na cuci kaina, ta ƙara da cewa ai wata rana zai sake tafiya.

Bayan Sallar da 'yan makonni aka aiko za a yi bikin ƙanen Inna a ƙauyensu. Muka hau mota zuwa Warra, mu uku da wata gwaggonmu. Ranar kasuwa ce, ruwa ya cika, jirage biyu masu inji suna lodi a kwata. Inna ta ce Yaya ta bi gwaggo a na farko, ni da ita mu shiga na biyu. Na roƙe ta, na ce sau ɗaya dai. Ko kallona ba ta yi ba, tana gyara ƙullin kayanta ta ce in rufe mata baki. Jirginsu ya riga namu tashi. Yaya na zaune a baya a kan buhun masara, ta juyo ta miƙo mini hannu tana dariya, irin yadda take yi a lilo.

A ƙarƙashin tafkin da datse Kwara ya haifar, har yau akwai itatuwan garuruwan da ruwa ya ci, suna tsaye a mace. In ruwa ya yi ƙasa ana ganin kawunansu a kauce musu, in ya cika sai wanda ya san hanya. Jirginsu ya hau kan kututture. Muna bayansu, da rana tsaka, ina gani. Ba zan faɗi sauran ba. An ciro gwaggo da rai. Yaya sai a kwana na uku masunta suka same ta, aka binne ta a bakin ruwa a inda aka same ta, kamar yadda ake yi wa wanda ruwa ya ci. Da ruwa ya ƙaru a shekarar ya rufe wurin.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna cewa Allah ya sa Inna ta raba mu, da yanzu ba ta da kowa. Gaskiya suka faɗa. Ni kuwa duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar in cije shi.

Bayan arba'in Inna ta koma bakin ƙofarta da kular zoɓo, don zama ba ya ciyar da mutum. Ni na fi mako ina zaune a gefenta ban leƙa ciki ba. Ranar da na shiga babu mutane sosai, mai kaset ma ya kashe kayansa. Tsohon na zaune a kan benci. Da ya gan ni ya miƙe ya tsayar da jiragen da hannu, ya ce, "Zaɓi wanda kike so, ɗiyata."

Na ce masa da ma ya bar mu mun shiga tare ko sau ɗaya. Na faɗa da ƙarfi har tela ya ɗago kai. Na san ba shi ya hana ni ranar Sallah ba, na sani sarai, amma shi ne a gabana. Bai kare kansa ba, bai ce mini dokarsa ce ta bar ni da rai ba. Ya tsaya riƙe da sarƙar jan jirgin har na cire takalmi na shiga. Wata yarinya ta taho za ta zauna kusa da ni, na ce ba na so. Sai ya sunkuya ya ɗauko buhun yashin ya ajiye a gefena, ya gyara masa zama, ya tura mu a hankali. Daga ranar har aka rufe wurin, da buhun nan nake hawa.

Rufewar ba ta zo da hayaniya ba. Alhaji ya rasu, magada suka kasa shiryawa, janareta ya lalace babu mai gyarawa. Masu shaguna suka riƙa komawa bakin titi ɗaya bayan ɗaya. Wata iskar farkon damina ta yaye rabin kwanon, aka sa kwaɗo a ƙofa aka ce sai an gyara. Tsohon ya koma wurin danginsa, ban yi masa sallama ba, kuma ban ji ranar da ya mutu ba. Ni aka kai ni makarantar kwana, daga nan aiki da aure suka riƙe ni a Birnin Kebbi. Inna ta rasu shekara shida da suka wuce. Ko sau ɗaya ba mu taɓa yin zancen gidan lilo da ita ba.

Bara na je Yelwa da 'ya'yana mata biyu, babbar tana da goma sha ɗaya, ƙaramar takwas. Na ce sai na nuna musu, ko don su gaya wa ubansu ba mafarki na yi ba. Da ƙyar na gane ginin. An yi masa sabon rufi, ya zama siton albasa, an shimfiɗa ta a ƙasa tun daga ƙofa har ƙurya. Shuɗin fentin ya rage a can sama inda hannu ba ya kaiwa. Mai siton dattijo ne mai kirki, ya ce shi da ya karɓi wurin awaki ke kwana a ciki, bai san wani lilo ba. Amma ya ce akwai wani guntun kwale-kwale a baya da suke zuba ruɓaɓɓiyar albasa, ya daɗe yana mamakin wanda ya yanke jirgi biyu.

Ɗaya ne ya rage. Launin ya goge gaba ɗaya, ba zan iya rantsuwa cewa jan ne ba, ko da yake na so ya zama shi. Zobban sarƙar suna nan sun yi tsatsa. Muka juye albasar, na share katakon da gefen mayafina, na ce su cire takalma su shiga. Suka dube ni, suka dubi juna, suka shiga suna toshe hanci. Suka zauna gwiwa na taɓa gwiwa.

Ban zaci abin zai yi mini haka ba. Ga ƙasa busasshiya, ga kaji na tone-tone a gefe, amma hannuna ya kai kafaɗar ƙaramar zan fizgo ta waje. Da ƙyar na mayar da shi na kama bakin jirgin. Ƙaramar ta ce ai ba ya tafiya, sai na riƙa girgiza musu shi, suna dariya suna cewa in ƙara.

Babbar ta matsa ta manne da ƙanwarta, ta bubbuga ɗan wurin da ya rage a katakon.

"Inna, shigo mana. Akwai wuri."

Na ce su yi zamansu, ni zan tsaya a nan. Ta ce don me, na ce ba a shiga duka, dole wani ya tsaya a gaɓa. Ta leƙa ƙasa ta ce ai babu ruwa. Na ce na sani, na ci gaba da girgiza su har suka gaji suka ce yunwa suke ji.